Fim ɗin A Streetcar Named Desire: wasan daɓe ne aka ɗauka da kyamara, ko kuwa an sake shi?

Wani ɗalibi mai nazarin wasan kwaikwayo ya aiko da tambaya cewa ya kalli fim ɗin Amurka na 1951 mai suna A Streetcar Named Desire, ya ga kusan duk labarin a gida ɗaya ya gudana, kuma surutu ya fi aiki yawa. Yana so ya san ko wasan daɓe ne kawai aka kafa wa kyamara, da abin da aka canza daga rubutun asali, da kuma ko Blanche, matar da labarin ya ginu a kanta, taɓin hankali gare ta tun farko ko dai maƙaryaciya ce da asirinta ya tonu.

Malam mai tambaya, abubuwa ukun da ka kawo igiya ɗaya ce ta ɗaure su, saboda haka zan amsa su a haɗe, amma sai na ɗan shimfiɗa labarin domin wanda bai kalla ba.

Tennessee Williams ne ya rubuta wasan, aka fara nuna shi a gidan wasa na Ethel Barrymore da ke birnin New York ranar 3 ga Disamba 1947, Elia Kazan yana ba da umarni. An yi ta nuna shi har sau 855, kuma ya ci kyautar Pulitzer a 1948. Ma'anar sunan ita ce taragon da ake kira Sha'awa, kuma ba ƙirƙirar sunan aka yi ba, domin a birnin New Orleans akwai layin taragon lantarki mai bin wani titi da ake ce wa Desire, wanda ya yi aiki daga 1920 zuwa 1948 kafin a maye gurbinsa da motocin bas. Da isowar Blanche DuBois birnin sai ta ce an kwatanta mata ta hau taragon Sha'awa, ta canza zuwa wanda ake kira Maƙabarta, ta sauka a titin Elysian Fields, sunan da tsofaffin Girkawa suke bai wa makomar matattunsu na gari. Marubucin ya gaya maka inda labarin ya dosa tun a jimlar farko ta bakinta.

Blanche ta zo ne wurin ƙanwarta Stella, wadda ke auren Stanley Kowalski, tsohon soja, jikan mutanen Polan, mai yawon tallan kayan gyaran mota. Su biyun 'ya'yan wani tsohon gida ne na masu gonaki a jihar Mississippi, gidan da ake kira Belle Reve, wanda bashi da jingina da jerin mace-macen dangi suka cinye a hannun Blanche yayin da Stella take can wurin mijinta. Gidan da ta tarar kuwa ciki da falo ne na haya, labule ne kaɗai ya raba shimfiɗarta da gadon ma'auratan. Stanley bai yarda da ita ba tun ranar farko. Ya kawo zancen dokar jihar Louisiana da ake dangantawa da Napoleon, wadda a fahimtarsa ta sa abin mace ya zama na mijinta, ya zazzage akwatin baƙuwar yana nuna tufafi da sarƙoƙi a matsayin shaidar cewa ta cinye gadon matarsa. Daga baya ya bi diddiginta har ya gano cewa korarta aka yi daga aikin koyarwa saboda alaƙa da wani ɗalibi ɗan shekara 17, kuma ta yi zaman da ya zubar mata da mutunci a wani otal mai suna Flamingo. Ya kwashe wannan duka ya faɗa wa abokinsa Mitch, wanda ya riga ya yi niyyar aurenta, ranar zagayowar haihuwarta kuma ya miƙa mata tikitin motar komawa inda ta fito da sunan kyauta. A daren da Stella take asibiti wurin haihuwa ya yi mata fyaɗe. Makonni bayan haka likita da ma'aikaciyar jinya suka zo suka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali.

To, batun ko wasan daɓe ne aka ɗauka. Zargin yana da madogara, domin Kazan ɗin da ya shirya shi a daɓe shi ne ya ba da umarnin fim ɗin, kuma ya taho da kusan duk 'yan wasansa: Marlon Brando a matsayin Stanley, Kim Hunter a matsayin Stella, Karl Malden a matsayin Mitch. Williams da kansa ya rubuta fim ɗin, Oscar Saul ya taya shi gyara. Da farko Kazan ya yi tunanin faɗaɗa labarin, a nuna Belle Reve, a nuna rayuwar Blanche a Mississippi kafin ta taso, har aka tsara rubutu a kan haka, sai ya lura ƙarfin abin yana tsiyayewa da zarar an fita daga gidan, ya watsar ya koma ga rubutun daɓe. Wurare kaɗan ya bari a waje, wato tashar jirgin ƙasa inda Blanche take fitowa daga cikin tururi, da gidan wasan ƙwallon gargaro inda ta fara hango Stanley, da masana'antar da yake aiki, da wani wurin rawa a bakin ruwa. A ganina wannan ita ce shawara mafi kyau da ya yanke, saboda labarin na mace ce da ba ta da wurin zuwa, kuma mai kallo ba zai ji wannan matsin ba idan kyamara tana yawan fitar da shi shan iska.

Sai dai zama a ɗaki ɗaya bai hana shi yin abin da daɓe ba ya iyawa ba. An gina ɗakunan da bangaye masu ciruwa, kuma Kazan ya sa ana matso da su a hankali yayin da labarin ke tafiya, ta yadda gidan da ka gani a ƙarshe ya fi na farko ƙanƙanta ba tare da ka ankara da lokacin da hakan ta faru ba. Richard Day da George James Hopkins, waɗanda suka tsara wurin, sun ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Abu na biyu, wanda ya fi wannan girma, shi ne fuska. A gidan wasa mai kallo yana zaune nesa, kuma idan Blanche ta ce ba ta son haske mai ƙarfi, sai dai ya ɗauki maganarta. A fim kuwa Harry Stradling, mai ɗaukar hoto, ya yi ta ɓoye fuskar Vivien Leigh, wadda ta fito a matsayin Blanche, a cikin inuwa da labule da tururin wanka, har ranar da Mitch ya yage fitilar takarda da ta lulluɓe ƙwan lantarki da ita, ya ja ta ƙarƙashin hasken ya dubi fuskarta. A nan kyamara ta matso, kuma kai mai kallo ka shiga cikin masu tonon asirin, domin kai ma ka daɗe kana so ka ga ko shekarunta nawa. Wannan fitilar takarda ita ce mabuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Blanche mace ce da rufin asiri ne kaɗai ya rage mata a duniya, Stanley kuwa mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe bai buɗe ba, kuma an haɗa su a ciki da falo a tsakiyar bazara.

Haka nan sauti. A rubutun daɓe akwai wani kiɗan rawa na Turai mai suna Varsouviana da Blanche take ji a kanta duk lokacin da aka taɓo mutuwar mijinta, kiɗan ba ya tsayawa sai ta ji ƙarar bindiga. Fim ɗin ya riƙe wannan, ya ƙara da amsa-kuwwar muryoyin mutane a kunnenta idan abin ya tsananta, don haka akwai lokutan da kana jin abin da babu mai jinsa a ɗakin sai ita. Alex North ne ya tsara kiɗan, ya gina shi a kan salon jaz na New Orleans, abin da ba a saba yi ba a manyan fina-finan Holiwud na wancan zamani.

Ita Vivien Leigh ita kaɗai ce baƙuwa a cikin manyan 'yan wasan. Jessica Tandy ce ta fito a matsayin Blanche a New York, amma kamfanin Warner Bros. yana son sunan da zai cika gidajen sinima, Leigh kuwa duniya ta san ta tun fim ɗin Gone with the Wind na 1939, kuma ta riga ta taka wannan rawar a Landan a 1949 ƙarƙashin umarnin mijinta Laurence Olivier. Horon da ta samu na Ingila ne, inda ake auna kowace kalma da kowane motsin hannu. Brando, wanda wannan ne fim ɗinsa na biyu, ya fito daga hannun malamarsa Stella Adler, yana magana da abinci a baki, yana susa, yana haɗiye rabin kalma, kai ka ce bai san ana ɗaukarsa ba. Masu sharhi sun daɗe suna cewa salon biyun bai haɗu ba, ni kuwa ina ganin rashin haɗuwar ce ta yi wa fim ɗin rana, domin Blanche da kanta wasan kwaikwayo take yi daga safe zuwa dare, ta zo cikin mutanen da suka san juna suka saba, ita ce bare. An zaɓi fim ɗin a rukuni 12 na Oscar, ya ci huɗu, uku daga ciki na 'yan wasa ne, wato Leigh da Hunter da Malden, kuma shi ne fim na farko da ya haɗa ukun nan. Brando, wanda aka fi tunawa da shi a yau, bai samu ba, Humphrey Bogart ne ya ɗauke.

Yanzu ga abin da aka canza, kuma a nan ne maganar take da tsawo. A wancan zamani, tun daga 1934, kamfanonin fim na Amurka suna bin wata ƙa'idar tace fina-finai da suka ɗora wa kansu, wadda Joseph Breen yake shugabantar ofishin zartar da ita. Ofishin ya tsaya a kan abubuwa uku. Na farko shi ne labarin mijin Blanche, wani yaro mai rubuta waƙa da ake kira Allan Grey, wanda ta aura tana 'yar shekara 16. A rubutun daɓe ta shiga wani ɗaki ba zato ta same shi da wani namiji da ya girme shi, suka yi kamar ba abin da ya faru, suka tafi wurin rawa su uku, a tsakiyar rawar ta kasa daurewa ta ce masa ta gani, ta sani, kuma ƙyamarsa take ji, ya fita ya harbe kansa. Ƙa'idar ta hana ambaton irin wannan alaƙa, don haka a fim sai Blanche ta ce yaron mai rauni ne, ya kasa riƙe aiki, tana jin kukansa da dare, ita kuma ta ce masa ta raina shi. Wannan canji ya yi ɓarna ta gaske, domin mai kallo zai iya tambayar dalilin da mutum zai kashe kansa a kan kalma ɗaya irin wannan, kuma nauyin laifin da Blanche take ɗauke da shi ya ragu da rabi. Idan ka ji wannan fitowa ta yi maka wani iri, ba kunnenka ne da laifi ba.

Na biyu shi ne fyaɗen. Ofishin Breen ya so a cire shi ɗungurungum, Williams da Kazan suka ƙi, Williams ya rubuta wa Breen cewa idan babu shi wasan ya rasa ma'anarsa. Aka daidaita a kan a nuna da alama. Blanche ta fasa kwalba ta riƙe don kare kanta, Stanley ya kama hannunta, madubi ya tsage, aka ga fuskarta a cikin tsagaggen madubin, sai hoto ya koma kan tiyon ruwa ana wanke titi. Babu baligin da zai kalli wannan bai gane ba, kuma zan iya cewa a nan takurawar ta haifi abin da ya fi nunawa ƙarara tasiri.

Amma an biya farashin barin wannan fitowa, shi ne abu na uku, wato ƙarshen labarin. Ƙa'idar ta ce dole mai laifi ya ga sakamako. A rubutun daɓe babu abin da ya sami Stanley. Stella ta faɗa wa maƙwabciyarsu Eunice cewa ba za ta iya gaskata labarin yayarta kuma ta ci gaba da zama da mijinta ba, Eunice ta ce mata kada ta taɓa gaskatawa, rayuwa dole ta ci gaba. Bayan an tafi da Blanche, Stella tana rungume da jariri tana kuka, Stanley ya durƙusa yana rarrashinta, abokansa kuma suka koma kan kartarsu. Abin da ya sa wannan ƙarshe yake da ciwo shi ne an kai Blanche asibiti a kan magana ɗaya da ta faɗa wadda gaskiya ce tsantsa. A fim sai aka sa Stella ta ce wa Stanley kada ya ƙara taɓa ta, ta ɗauki jaririn ta ce ba za su sake komawa ba, ta haura bene wurin Eunice, shi kuma yana ƙwala mata kira daga ƙasa.

Masu tacewa sun gamsu da wannan, amma ka tuna da daren karta a farkon fim. Stanley ya yi maye, ya jefar da rediyo ta taga, ya doki Stella tana da ciki, ta gudu ta haura wannan benen wurin wannan Eunice ɗin, ya tsaya a ƙasa da yagaggiyar riga yana ƙwala mata wannan kiran, kuma ta sauko da ƙafarta ta koma. Wanda ya ga haka da idonsa yana da dalilin shakkar rantsuwar da ta yi a ƙarshe. Ban ce Kazan ya mayar da ƙarshen asali ba, domin an sassauta shi babu shakka, sai dai ya bar ƙofa a buɗe ga mai lura.

Bayan an gama da Breen sai wata ƙungiyar mabiya ɗariƙar Katolika mai suna Legion of Decency ta yi barazanar saka fim ɗin cikin waɗanda ta haramta wa mabiyanta, abin da kan sa gidajen sinima da yawa su ƙi nuna fim. Kamfanin Warner ya yanke minti uku zuwa huɗu ba tare da sanin Kazan ba, shi kuma ya rubuta ƙorafinsa a jaridar New York Times a watan Oktoba 1951. Cikin abin da aka taɓa akwai saukowar Stella daga benen nan, inda aka rage hotunan fuskarta na kusa aka kuma canza kiɗan North da wani mai sanyi, domin kada a gane cewa sha'awa ce ta sauko da ita. Da wannan yanka sai Stella ta koma mace mai haƙuri da yafiya kawai, alhali Williams ya rubuta ta ne a matsayin wadda ta hau taragon da yayarta ta hau. An gano abin da aka yanke an mayar a 1993, don haka ka duba wanda ka kalla, wanda aka fitar a 1951 minti 122 ne, wanda aka mayar wa abin da aka yanke kuwa 125.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Blanche tana ƙarya, wannan ba abin musu ba ne. Ta ɓoye shekarunta, ta ce ba ta shan giya alhali ta sha kafin a shigo, ta ce hutu aka ba ta daga makaranta. Amma a mafi yawan fim ɗin ta san ƙarya take yi, har ta faɗa wa Mitch da bakinta cewa ita ba gaskiya take faɗa ba, abin da ya kamata ya zama gaskiya take faɗa. Wanda ya iya wannan bayani hankalinsa yana jikinsa, ko da ya jigata. Ta iso New Orleans da raunuka da aka nuna mana ɗaya bayan ɗaya, wato mutuwar Allan da take ganin ita ta jawo, da jinyar dangi har kabari ita kaɗai, da asarar gida, da giya, da tsoron tsufa a wurin da ba a koya wa mace irinta wata hanyar rayuwa ba sai ta samun namijin da zai riƙe ta. Yawan wankan ruwan zafi da take yi a tsakiyar bazara, wanda ta ce don jijiyoyinta ne, yana cikin alamun. Layin yana tsinkewa ne a hankali. Bayan Mitch ya ce ba ta kai tsarkin da zai kai ta gidan mahaifiyarsa ba, sai ta sa tsohuwar rigar biki da kambin duwatsun bogi tana magana da baƙin da babu su, ta ce wani attajiri mai suna Shep Huntleigh ya aiko mata da waya yana gayyatarta yawon teku. Ko a nan ma da Stanley ya matsa mata ta san babu wata waya. Bayan fyaɗen ne, da kuma ƙin gaskata ta da ƙanwarta ta yi, ta daina bambance wanda ta ƙirƙira da wanda yake nan, har take shirin tafiya da Shep ranar da likita ya zo.

Williams bai rubuta wannan daga nesa ba. Yayarsa Rose ta yi fama da taɓin hankali, aka yi mata tiyatar ƙwaƙwalwa a 1943 irin wadda likitoci suka daina yi daga baya, ta ƙare rayuwarta ana kula da ita a gidajen jinya, kuma shi ya ɗauki nauyinta da kuɗin rubutunsa. Leigh ma ta yi shekaru tana fama da lalurar da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ta dawo da shi ƙasan baƙin ciki. Ban kawo wannan don a mayar da fim ɗin tarihin rayuwar wani ba, na kawo ne don ka lura da yadda aka rubuta fitowa ta ƙarshe. Ma'aikaciyar jinya ta danne Blanche tana tambayar ko a sa mata rigar ɗaure mahaukata, likitan ya ce a'a, ya cire hularsa, ya kira ta da sunanta cikin ladabi, ya miƙa mata hannu kamar yadda ake yi wa babbar mace a wurin taro. Nan take ta natsu ta miƙe, ta ce masa ko wane ne shi, ita dama kullum da alherin mutanen da ba ta sani ba ta dogara. Ta ratsa ta gaban masu karta ta fita, kuma ba ta waiwayi Stella da ke kiran sunanta ba.